PM2 ko systemd: wa za ka bar wa gadin manhajarka?

Manhajar intanet takan faɗi cikin dare, mai ita yana barci. To, wa zai tashe ta? Aikin PM2 da systemd ke nan: manhajoji ne masu gadin wasu manhajoji a kan sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin), su tashe su in sun faɗi.

PM2 an gina shi ne musamman domin Node.js (dandalin gudanar da manhajojin da aka rubuta da yaren JavaScript), kuma yana da sauƙin sha'ani. Da ka buga umarnin pm2 list, za ka ga kowace manhaja, yawan ma'adanar (RAM) da take ci, da sau nawa ta mutu aka farfaɗo da ita. Wannan adadin na ƙarshe nake fara dubawa, domin in yana ta hawa, akwai matsala a ɓoye. PM2 yana kuma iya tayar da kwafi da dama na manhaja ɗaya, sannan pm2 reload ya sabunta su ɗaya bayan ɗaya ba tare da shafin ya ɗauke ba.

Shi kuwa systemd, tun 2015 Debian da Ubuntu (tsare-tsaren Linux da ke tafiyar da kwamfuta) suka mai da shi jigonsu, ba sai ka girka komai ba. Layin Restart=always a fayil ɗin saiti ya isa ya riƙa tashe manhajar, umarnin journalctl kuma ya nuna maka abin da ya faru. Ba ruwansa da yaren da aka rubuta manhajar da shi.

In manhajar ba ta Node.js ba ce, systemd nake zaɓa. Ai ko PM2 ɗin ma, idan aka sake kunna sabar a waɗannan tsare-tsaren, systemd ne ke tashe shi.