Kuɗin ciyar da 'ya'yana ya koma fita daga albashin babansu kai tsaye: abin da na gani a hidimar DFAS

Ranar 1 ga wata da ranar 15 ake biyan sojan Amurka albashi. Shekara 9 na yi a gidan aure ina tsara cefane da kuɗin haya a kan waɗannan ranaku biyu. Da muka rabu da baban yarana, sai suka zama ranakun da nake zama da waya a hannu, in rubuta saƙo in goge, ina neman kalmar da ba za ta ɓata masa rai ba. Wani watan ya turo dala 600, wani watan 200, wani watan ya ce mota ce ta lalace. Wata 11 muka yi a haka, ni da yara biyu a ɗan gida mai ɗaki ɗaya da falo. Yanzu shekara 2 ke nan da 'yan watanni ban tura masa saƙon kuɗi ba, kuma ba halinsa ne ya canza ba. Kuɗin ne ya daina biyowa ta hannunsa.

DFAS ita ce hukumar da ke biyan albashin sojojin ƙasa, na ruwa, na sama da na Marin, an kafa ta a 1991. Tana da sashen lauyoyi a birnin Cleveland na jihar Ohio, wanda aikinsa shi ne karɓar umarnin kotu na cire kuɗin ciyarwa daga albashin soja, mai aiki ne ko ɗan fansho. Tun 1975 dokar tarayya ta yarda a taɓa albashin ma'aikacin gwamnati saboda ciyar da yara ko tsohuwar mata. In mijinki dakaren tsaron gaɓar teku ne, ba nan za ki nufa ba, su ofishin albashinsu yana Topeka a jihar Kansas.

Kafin in kai ga wannan ƙofa, ƙofofi uku na ƙwanƙwasa, kuma ina so in faɗe su don na san mata da yawa ta nan suke bi. Ta farko dattawanmu ne na masallaci. Sun zaunar da mu, sun yi nasiha, an rubuta yarjejeniya, ya sa hannu a gabansu. Da na je na gaya wa liman cewa wata uku an shiga ba a cika ba, sai ya ce, “'Yata, ki ƙara haƙuri. Kada ki kai uban 'ya'yanki gaban hukuma, ki ɓata masa aiki.” Na ce, “Allah gafarta Malam, ni zan iya haƙuri, amma mai gidan haya ba ya yi.” Har gobe ina ganin girmansu, don da zuciya ɗaya suka shiga maganar. Sai dai takardar da aka rubuta a masallaci ba umarnin kotu ba ce, babu ofishin albashin da zai cire ko dala ɗaya a kanta.

Ta biyu, shi da kansa ya saita a riƙa turo mini wani kaso na albashinsa ta myPay, shafin intanet da soja ke sarrafa albashinsa a kai. Wata biyu abin ya yi kyau. Da muka yi saɓani a kan hutun yara, ya shiga ya kashe shi a daren. Wanda ya kunna da hannunsa yana iya kashewa da hannunsa, ba sai ya tambayi kowa ba.

Ta uku kwamandansa ne. Sojan ƙasa suna da ƙa'ida mai lamba AR 608-99 da ta wajabta wa soja ciyar da iyalinsa ko babu umarnin kotu, kuma wanda ya ƙi ana iya hukunta shi. Na rubuta wasiƙa, an amsa mini da mutunci, an kira shi an yi masa faɗa, kuɗi ya shigo na wata biyu. Amma kwamanda ba shi da ikon sa hannu a albashin yaronsa ya cire ya ba ki. Iyakarsa ya umarce shi, ya hora shi in ya ƙi. Ranar da aka canza kwamanda, sai na koma farawa daga tushe.

Wata lauya a ofishin JAG na barikin, wato ofishin lauyoyin soja, ita ce ta buɗe mini ido. Shawararsu kyauta ce ga iyalin soja, ko da yake ba sa tsaya wa mutum a kotu a shari'ar saki. Ita ce ta gaya mini abin da da na sani tun farko da ban ɓata shekara ba: tun 1994, ƙa'idar Amurka ita ce duk sabon umarnin ciyar da yara yana zuwa da cirewa daga albashi kai tsaye, sai in alƙali ya ga dalilin barin hakan ko ɓangarorin biyu sun yarda da wata hanya. Wato ba horo ba ne, ba tonon asiri ba ne. Haka ake yi wa direban babbar mota, haka ake yi wa likita. Abin da ke ɓata wa soja aiki shi ne ƙorafin rashin ciyarwa ya yi ta zuwa teburin kwamanda, wanda shi ne ainihin abin da nake ta yi ina ganin ina rufa masa asiri.

Alƙali ya yanka dala 880 a wata na yara, da dala 300 nawa na tsawon wata 18 kafin in gama karatun jinya, sai ɗan ƙari a kai na rage bashin baya. A nan ne na yi tuntuɓe. Lauyan da na ɗauka da kuɗina ya aika takardar hukuncin saki kawai, wadda ta ce “zai biya”. Bayan 'yan makonni wasiƙa ta dawo daga Cleveland, shafi ɗaya, ta bayyana cewa hukuncin da ya umarci soja ya biya bai isa ba. Dole takardar ta umarci mai biyan albashin ya cire. Ga shi kuma ba a sa lambarsa ta soshiyal sikiyuriti ba, wato lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba mutum, alhali da ita ake gane soja a cikin dubban masu suna iri ɗaya. Na karanta wasiƙar a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, hawaye na zuba, amma ko a lokacin na yaba da abu ɗaya: an faɗa mini ainihin abin da ya rage, ba a bar ni ina lalube ba.

Daga nan na bar lauyan na buɗe fayil a ofishin jiha mai kula da kuɗin ciyar da yara, wanda kowace jiha tana da shi. Su ne suka cike takardar umarnin cirewa daga albashi da ake kira IWO, suka tura ta kwamfuta. Wannan ita ce hanyar da nake ba kowace mace shawara. Kuɗin buɗe fayil ba ya wuce dala 25, wasu jihohin ma ba sa karɓa, sannan akwai dala 35 a shekara da ake cira bayan an karɓo miki dala 550, in ba ki taɓa cin tallafin gwamnati na iyali ba. Idan aka kwatanta da abin da lauya ke caja a awa ɗaya, wannan ba komai ba ne. Layin wayar ofishin jiharmu kam sai mai haƙuri, na taɓa yin minti 50 ina jira da waya a kafaɗa ina wanke-wanke.

Doka ta ba hukumar albashi kwana 15 ta sanar da sojan, kwana 30 kuma ta aiwatar. Amma sai an jira albashi ya zagayo, sannan kuɗin ya bi ta asusun jiha kafin ya iso gare ki. Ni kusan mako 7 aka yi daga ranar da aka tura zuwa ranar da na ga kuɗin farko. Ki yi tanadin wannan tsakani, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga lokacin, farkon kowane wata yake shigowa, cif, babu ragi.

Inda hidimar ta fi burge ni shi ne lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Jamus. Da na ji labari, cikina ya ɗuri ruwa, na ɗauka shi ke nan sai na sake bin kotu. Ko kwana ɗaya kuɗin bai makara ba. Farar hula in ya bar kamfani sai an nemo sabon wurin aikinsa an sake aika takarda, amma soja ko ina aka kai shi, Koriya ta Kudu ko tsakiyar teku, hannu ɗaya ne ke biyansa. Wannan ne babban ƙarfin tsarin, kuma saboda shi kaɗai ya cancanci wahalar takardun farko.

Yana da iyaka, kuma gara ki san ta tun yanzu. Ba a cire fiye da kashi 50 cikin 100 na abin da ya rage masa bayan haraji in ya nuna shaidar yana ciyar da wata mata ko wasu yaran, ko kashi 60 in ba ya ciyar da kowa. In bashin ya wuce mako 12, ana ƙara kashi 5, ya zama 55 ko 65, amma sai takardar ta nuna hakan a rubuce. Misali, in dala 3,000 ce ta rage kuma ya sake aure, iyakar abin da za a taɓa dala 1,500 ce, ko 1,650 in akwai tsohon bashi. In kuɗin bai isa komai ba, na yara na wannan watan ake fara biya kafin a waiwayi bashin baya.

Abin da har yanzu bai kwanta mini a rai ba shi ne maganar alawus. Alawus ɗin gida da ake kira BAH da na abinci da ake kira BAS ba sa cikin abin da ake cirewa ta wannan hanya, alhali ga ƙaramin soja alawus ɗin gida kaso ne mai tsoka na abin da ke shiga aljihunsa. Yawancin kotunan jihohi suna lissafa su a matsayin samu idan za su yanka adadin ciyarwa, amma wajen cirewa sai a kewaye su. Doka ce ta ce haka, ba ma'aikata ba. A ganina kuɗin da aka ƙara wa mutum don yana da iyali bai kamata ya zama shi ne iyalin ba za su iya kaiwa gare shi ba. Don haka ki tabbata takardar albashinsa ta wata-wata, wadda suke kira LES, ta je gaban alƙali, domin a nan ne kowane alawus yake a fili. Akwai kuma wata hanya ta daban da dokar 1982 ta kawo, ta tilasta wa soja mai aiki ware kaso idan bashinsa ya kai na wata biyu. Ni ban bi ta ba, amma ki tambayi ma'aikacin fayil ɗinki wadda ta fi dacewa da ke.

Da aka ƙara masa girma ya zama saje, na nemi kotu ta sake duba adadin. Yana Jamus, ya nemi a ɗage zaman a ƙarƙashin dokar SCRA ta 2003 mai kare sojan da ke bakin aiki, wadda ke ba soja aƙalla kwana 90 idan aiki ya hana shi halarta. Na ji haushi a lokacin, amma da na yi tunani na ga adalci ne kada a yanke wa mutum hukunci yana bakin aiki a wata ƙasa. Muhimmin abu shi ne ɗagewar ba ta taɓa abin da ake cirewa ba, tsohon umarni ya ci gaba da aiki har aka yi sabo. Kuma ki sani, hukumar albashi ba ta ƙara ko rage adadi da kanta don an ƙara masa girma. Abin da ke rubuce shi take bi, sai sabuwar takarda ta zo. Haka ma tsayarwa: da wata 18 nawa suka cika, ofishin jiha ne ya aika gyararren umarni aka sauke kason nawa, na yara ya ci gaba.

Wata Yaya da muke aiki tare a asibiti, wadda tsohon mijinta ɗan fansho ne, ta daɗe tana zaune a kan cewa ba ta da haƙƙin komai tunda aurensu bai kai shekara 10 ba. Na ce mata, “Yaya, wannan sharaɗin na shekara 10 na rabon fansho ne a matsayin dukiya, a biya ki kai tsaye. Kuɗin yara da na ciyarwa babu ruwansu da shi.” Wata dokar 1982 ta daban, mai kare tsofaffin matan soja, haka ta tsara, kuma da takardar DD 2293 ake nema. Inda abin ke tsuke shi ne kuɗin nakasa na hukumar tsofaffin sojoji, wanda galibi ba a cirewa kai tsaye, ko da yake Kotun Ƙoli ta yanke a 1987 cewa kotun jiha na iya tilasta wa mutum ya ciyar da 'ya'yansa daga cikinsa. Yanzu ta buɗe nata fayil ɗin.

Ban da kuɗi, yara suna nan a kan inshorar lafiya ta TRICARE muddin sunansu yana cikin rajistar sojoji da iyalansu da ake kira DEERS, har shekara 21, ko 23 in suna karatu cikakke. Ni tawa ta ƙare ranar da saki ya tabbata. Ƙaramin yana da asma, don haka wannan a wurina daidai yake da kuɗin kansa.

Abin da ke gabana yanzu shi ne kwantiraginsa yana ƙarewa baɗi, kuma bai ce zai sabunta ba. In ya ajiye kaki ba tare da fansho ba, babu albashin da za a cira, umarnin kotu yana nan amma sai an bi shi sabon wurin aikinsa. Na riga na sanar da mai kula da fayil ɗina, na rubuta watan a bangon jakar da nake ajiye takardu, tare da kwafin hukuncin, da wasiƙar nan ta farko daga Cleveland, da lissafin dala 2,140 da ya rage na bashin baya.