Kyamarar da za ta iya fitar da hoton bango mai faɗin mita guda

Mai situdiyo a Garwa ko Marwa da ke karɓar aikin manyan hotuna, irin waɗanda ake ratayewa a falo ko a zauren lamido, ya kamata ya fara da lissafi kafin ya tambayi farashi. Ƙa'idar masu buga hoto ita ce ɗigo 300 a kowane inci idan ana so hoton ya fito tsaf ga wanda zai matso kusa, kuma mutanenmu matsowa suke yi, domin sai sun duba aikin wuyan babbar riga da naɗin rawani kafin su biya.

A kan wannan ma'auni, Nikon Z8 ta shekarar 2023, mai megafiksel 45.7, wato ɗigo miliyan 45.7 a hoto guda, tana ba da hoto mai faɗin santimita 70. Sony A7R V ta 2022, mai megafiksel 61, tana kaiwa santimita 80. Fujifilm GFX 100S kuwa, wadda ta fito a 2021 da megafiksel 102, tana ɗaukar ɗigo 11,648 a faɗi da 8,736 a tsayi, wato kusan mita guda ba tare da an ja hoton a kwamfuta ba.

Ni dai Fujifilm ɗin nake ba da shawara, kuma yawan fiksel ba shi ne babban dalilina ba. Sensarta, wato farantin da haske ke sauka a kansa, tana da milimita 43.8 da 32.9, ta fi ta sauran girma da kusan ninki 1.7. Amfanin wannan yana bayyana ne a aikin da ya fi wahalar da mu a nan: dattijo baƙin fata sanye da farar shadda, cikin ranar watan Afrilu. Ƙaramar kyamara kan tilasta wa mutum zaɓi, ko dai shaddar ta ƙone ta zama fari fat babu zane, ko fuskar ta nutse cikin duhu, alhali fayil ɗin RAW na GFX, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, mai bit 16 na zurfin launi, yana barin wurin gyara duka biyun. Siffar hotonta ta 4:3 ma ta fi dacewa da mutum a tsaye ko a zaune bisa karaga, don haka ba a yanke da yawa. Aibinta shi ne jinkiri wajen kama abin da ke gudu, saboda haka wanda abincinsa ke cikin hawan sallah da sukuwar dawaki ya ɗauki Nikon Z8, mai ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa, wadda kuma ke da murfin da ke rufe sensa idan an kashe ta, abin da ke da daraja a lokacin ƙurar hunturu. Canon EOS R5 ba ta ƙara komai a kan Nikon a wannan fage ba. Hasselblad X2D, wadda ita ma mai babbar sensa ce irin ta GFX, ta shigo kasuwa a kan dalar Amurka 8,199, GFX 100S kuma a kan 5,999, kuma ban ga wannan ratar a hoton da aka buga a takarda ba.

Abin da ya fi duk wannan haɗari shi ne kayan jabu, musamman katin memori da ake ajiye hotuna a ciki. An taɓa sayar mini da kati mai rubutun giga 128 a cikin kwali mai kyau, ashe cikinsa bai kai haka ba, yana ta rubuta sabon hoto a kan tsoho har aikin ɗaurin aure guda ya salwanta. Fayil ɗin GFX da ba a matse ba yana kaiwa kusan mega 200, don haka irin wannan kati da wuri yake cin amana. A gwada kowane sabon kati da manhajar H2testw, wadda ke cika shi sannan ta karanta, kafin a fita da shi aiki. Batir ma haka ne: na GFX 100S sunansa NP-W235, kuma jabunsa kan kumbura cikin zafi har ya maƙale a ramin kyamara.

Akwai kuma masu goge kyamarar da aka riga aka yi amfani da ita su mayar da ita kwali su ce sabuwa ce daga Dubai. A nemi ganin adadin hotunan da ta riga ta ɗauka, a kuma gwada lambar da ke jikinta da ta kwali da ta rasit. Gilashin kyamara da ya daɗe a Duwala, inda damshi ya yi yawa, a haska shi da tocila ta baya, domin fumfuna tana fitowa kamar saƙar gizo-gizo a ciki, kuma tana dusashe hoto. Daga ƙarshe a ɗauki hoton farin bango a kan f/16, wato an tsuke ƙofar hasken gilashin, a gaban mai sayarwa, a buɗe shi a kwamfuta, domin tabon da ba a gani a allon kyamara yakan fito ƙarara a hoton mita guda. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan gwaji, kada a ba shi ko sefa ɗaya na kafin alƙalami.