Ƙidaya ko satifiket: da wanne za a fara neman kakanni a Ingila?

Ɗan uwa da ka tambaya kan kakannin matarka da suka yi aiki a masaƙar auduga a Oldham, wai ka fara da takardun ƙidaya ko ka sayi satifiket na haihuwa da aure, ni dai shawarata ƙidaya tukuna.

Talaka bai bar wasiyya ba, bai bar takardar fili ba, amma mai ƙidaya sai da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Duk shekara 10 ake yinta, kuma daga 1841 zuwa 1921 duk ana iya dubawa yanzu. Shafi ɗaya zai nuna maka gida guda, mai gida da matarsa da yara, har da ɗan haya, da sana'ar kowa, kaga yarinya 'yar shekara 12 an rubuta tana aiki a masaƙa, abin tausayi wallahi. Ta 1841 kar ka yarda da shekarunta sosai, manya an rage musu zuwa biyar-biyar, ta 1851 ce ta fara faɗin garin da aka haifi mutum. Ta 1921 kuwa ita ce zinariya a wajenka, don har sunan kamfanin da mutum yake wa aiki ta rubuta. Ta 1931 gobara ta cinye a 1942, ta 1941 yaƙi ya hana, sai ka cike gurbin da rajistar 1939, wato rajistar jama'ar ƙasa da gwamnati ta yi a farkon yaƙin duniya na biyu.

Satifiket kuma na ofishin GRO ne, wato babban ofishin gwamnati mai rajistar haihuwa da aure da mutuwa, an fara rajista a Yulin 1837. Bai da labari mai yawa, amma shi ne hujja. Na haihuwa zai baka sunan gidan su uwa kafin aure, na aure zai baka sunan uban ango da na amarya da sana'arsu, wani lokacin ma kaga X a wajen sa hannu in mutum bai iya rubutu ba. Sai dai kowane ɗaya kuɗi ne, kuma masu suna iri ɗaya sun yi yawa a garuruwan masaƙu, in kayi gaggawa sai ka sayi na kakan wasu. Ka fara duba FreeBMD, shafin intanet mai jerin sunayen wannan rajista, kyauta ne, ka tabbatar da shekara da gunduma kafin ka biya.

In mutum ya ɓace maka tsakanin ƙidaya biyu, ka nemi rajistar gidan gajiyayyu da aka kafa bayan dokar tallafa wa talakawa ta 1834, yawanci tana ma'ajiyar tarihi ta yankin, kuma da yawa ba a ɗora su a intanet ba, sai ka aika musu imel.