Motsa jiki ga dattijo mai lalura: gashi, jim ko kayan gida?

Idan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko gwiwa ta hana Hajiya miƙewa, 'ya'ya kan yi karo-karo su sayo injin gudu. A ganina asarar kuɗi ce. Injin sai da wuta, kuma mai jan ƙafa ɗaya yana iya faɗuwa a kansa. Kafin wata biyu an mayar da shi wurin shanya.

A fara da gashi, wato gashin ƙashi da atisayen da ma'aikatan asibiti ke yi wa mai lalura. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da manyan asibitocin koyarwa suna da sashen gashi, a nan ne ake gane abin da jikin zai iya ɗauka. Tsadar ba a kati take ba, tana kuɗin Adaidaita zuwa da dawowa, da wanda zai bar sana'arsa ya yi rakiya. Shi ya sa da yawa suke yankewa. Gara a nemi izinin ma'aikacin a ɗauki atisayen a waya, a riƙa maimaitawa a gida, ana komawa jefi-jefi a duba.

Jim kuwa, wato gidan motsa jiki na kuɗi, kada a biya kuɗin wata sai an je an gani da ido. Matakala nawa ce a ƙofa? Keken guragu zai shiga banɗakin? Akwai lokacin mata? In a bene yake, magana ta ƙare. Mai horarwar ma sau da yawa samari masu neman ƙwanji ya saba da su.

Kayan gida sun fi araha: ƙaramin keken da ake ajiyewa a ƙasa a tuƙa daga kan kujera, da robar ja don hannu da kafaɗa. A zaɓi keke mai nauyi da maɗaurin ƙafa, marar nauyi zamewa yake yi a kan tayil. Kujerar ta zama ta katako mai hannu, ba ta roba ba. Matsalar gida kaɗaici ce. In ba jika ko maƙwabciya a kusa, kayan ƙura za su sha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu shekara 65 zuwa sama shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 a mako. Ba sai a zama ɗaya ba, minti goma bayan Asuba da goma bayan La'asar ma lissafi ne. Mai hawan jini a auna jininsa tukuna, in jiri ko ciwon ƙirji ya taso a tsaya a nemi likita.