Gidan bulon da na saya a hanyar Kalambaina, ga abin da na gani

Jama'a masu gini a Sakkwato ku matso. Bara na sayi bulo wani wuri wajen Mabera, wallahi da hannu kake murza shi yana zuba kamar garin kwaki, magini na har cewa yayi Alhaji wanga ba bulo bane yashi ne anka shafa wa siminti. Shi yasa bana da zan ɗora katanga na canza wuri, wani gidan bulo ne can hanyar Kalambaina kusa da kamfanin siminti.

Abin da ya fara burge ni ba injin bane, injin irin na kowa ne. Tsarin aikin ne. Yashi da baro ake auna shi ba da ido ba, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 bulo 30 mai inci 9 suke fitarwa, ko yaron kwaɓi ya so ƙarawa ba hali don akwai mai ƙirga. Kowane layi an rubuta ranar da anka buga shi da gawayi, ana ban ruwa safe da yamma kwana 7 an lulluɓe da tsofaffin buhuna, kun dai san ranar Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40 in ba a rufe ba ruwan ya tsere kafin siminti ya kama. Nace a ɗora min na jiya ina sauri, manajan yace Alhaji kayi haƙuri ko ninki zaka biya ba zai fita ba, wai siminti ma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Raina ya ɗan sosu gaskiya.

Muna cikin hira yake ban labarin wai tsarin Jafanawa yake kwaikwayo, kaizen, gyara kaɗan kaɗan kullum, kuma a kamfanin Toyota ƙaramin ma'aikaci ma yana iya tsayar da aiki in ya ga matsala. Na ɗauka surutu ne irin na 'yan boko sai gashi a gabana wani lebura ya ɗaga hannu anka kashe inji saboda kwaɓin yayi ruwa, ba wanda ya zage shi. Bulon da ya fashe ma ba zubarwa kawai suke ba, ana rubutawa a littafi a bi sawu a ga mi ya jawo.

Inda suka gaza, kai kaya. Kwana 2 ina jiran mota, direban kuma ya zo yana sauke bulo kamar yana jin haushi na, 11 sunka fashe, sun dai canza min ba gardama. Kuɗinsu ma ya ɗara na kasuwa. Magini na ya ɗaga guda daidai ƙirji ya saki ƙasa, gefe kawai ya ɗan ɓalle. Saura bulo 400 na ɗakin baya can zan koma, amma da motar da zan samo da kaina.