Fiyanonka ba shi da kafar MIDI mai rami biyar? Ga abin da za ka saya

Juya bayan Yamaha P-45 ko Roland FP-10, ba za ka ga zagayayyar kafar nan mai ƙananan ramuka biyar ba, wadda masu kiɗa ke aiki da ita tun 1983. Ita ce kafar MIDI, wadda fiyano ke aika umarnin kiɗa ta cikinta zuwa wani injin kiɗa. USB kaɗai suka saka, mai kusurwa huɗu irin na firinta. Su kuwa tsofaffin injinan kiɗa da ke sutudiyo da majami'u a nan Maradi, da tsohuwar kafar suke aiki.

Abin da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne wayar nan mai USB a kai ɗaya da kawunan MIDI biyu a ɗayan, irin su Roland UM-ONE. Waya ce mai kyau, amma don kwamfuta aka yi ta. A tsarin USB dole a samu mai ba da umarni, kuma fiyanon da wayar duk masu jiran umarni ne. Ko ka samo mahaɗin da zai sa su shiga juna, shiru za ka ji. Mai shago zai iya rantse maka cewa tana yi. Ce masa ya gwada a gabanka.

Abin nema shi ne ɗan akwatin da aka rubuta USB MIDI Host a jikinsa. Kenton da CME da DOREMiDi duk suna yin sa. Fiyano ya shiga ta USB, MIDI ta fito ta rami biyar, shi ke nan. Wutar bolt 5 yake ci, don haka batirin cajin waya ma yana ɗaukar sa idan kuran ya ɗauke ana tsakar biki. Sharaɗi ɗaya: fiyanon ya zama mai aiki ba tare da an saka wa kwamfuta manhajarsa ba. Idan daga Kano za a kawo maka ta Ɗan Isa, tura wa ɗan aiken hoto, kada ka tsaya ga suna.

Mai kwamfuta zai iya sa ta a tsakiya, a nan ne waccan wayar ke da amfani. A sutudiyo ba laifi, amma kai kwamfuta filin biki cikin ƙurar hunturu wahala ce.

Bluetooth, irin na'urar WIDI ta CME, yana rage tarkacen wayoyi, sai dai yakan ɗan yi jinkiri tsakanin taɓawa da fitar sauti. Buɗe cikin fiyano a yi masa dalma kuwa, ban ba ka shawara ba, sai in ka yarda da asararsa.

Wanda bai riga ya sayi fiyano ba, ya nemi mai kafar tun daga kamfani, kamar Kawai ES110. Wajen haɗawa, kafar da aka rubuta wa OUT a fiyano ko a akwatin ce ke shiga wadda aka rubuta wa IN a ɗaya injin. Kuma MIDI ba ta ɗaukar sauti, umarni kawai take kaiwa, saboda haka sai ka tanadi wata waya daga injin zuwa lasifika.