Kafin ka biya kuɗin hayar saba: hanyoyin haɗa shafin farko da fayil ɗin PHP

Mai makaranta a Tudun Wada ko mai shagon littattafai a Samaru, wanda yake son duk wanda ya buɗe adireshin shafinsa ya tarar da fayil ɗin PHP (yaren da ake rubuta manhajar shafi da shi) mai karɓar rajista ko oda, ya kamata ya san cewa irin sabar da ya kama haya, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet, ita ce za ta yanke masa hanyar da zai bi.

Hayar haɗaka, inda shafuka da yawa ke raba saba ɗaya, mai allon sarrafawa na cPanel ta fi araha, kuma galibi manhajar Apache ko LiteSpeed ce ke tafiyar da ita, dukansu kuwa suna karanta ƙaramin fayil ɗin saiti mai suna .htaccess. A cikin wannan fayil layi ɗaya ya wadatar, wato DirectoryIndex rajista.php, sai sabar ta miƙa fayil ɗin ba tare da adireshin ya sauya a burauza ba, kuma ba tare da wayar baƙo ta sake aika wata buƙata ba. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga ɗalibin da ke Kongo yana lallaɓa ragowar datarsa. A ganina ita ce hanyar da ta dace da mafi yawan mutane, amma a tambayi mai sayarwa tun kafin a biya ko ya bar AllowOverride, wato saitin da ke ba .htaccess damar aiki, a buɗe, domin idan ya rufe shi, Apache ba zai ko kalli abin da aka rubuta ba.

Wata hanyar kuma, wato sabar ta tura baƙo zuwa adireshin fayil ɗin da lamba 301 ko 302, tana sauya adireshin a gaban baƙo. Lamba 301 tana nufin ƙaura ta dindindin, burauza tana riƙe ta, saboda haka wanda ya yi kuskure zai sha wahala kafin tsofaffin baƙinsa su ga gyaran. A fara gwaji da 302, wadda ke nufin ƙaura ta wucin gadi.

Wanda ya kama hayar VPS, wato sabar da shi ke kula da saitinta, mai manhajar Nginx, sai ya manta da .htaccess, don Nginx ba ya karanta shi. Sai an gyara umarnin index a fayil ɗin saitin sabar, an haɗa Nginx da PHP-FPM, manhajar da ke gudanar da fayilolin PHP, sannan an sake loda sabar, aikin da ke buƙatar wanda ya iya, kuma sai a sa ladansa cikin lissafin kuɗin.

Akwai masu ajiye index.html a matsayin shafin farko mai ɗauke da meta refresh, wato layin da ke sa burauza ta wuce zuwa fayil ɗin PHP. Yana aiki, sai dai baƙo zai sauke shafi biyu, don haka a bar shi ga wanda mai sabarsa ya hana shi taɓa saiti.